Shin Ko Kun San? Mata, Kaki da Bakin Daga

Shin ko kun san cewa sai a watan Disamba na 2015 Amurka ta amince mace ta riƙe kowane irin aiki a rundunar sojinta, har da na sojan ƙasa mai gwabzawa gaba da gaba da na cikin tankar yaƙi? Sakataren tsaro na lokacin, Ash Carter, shi ya yi shelar, ya buɗe gurabe kusan 220,000 da a da maza kaɗai ake sakawa. To amma kafin wannan shela, mata sun fi shekara goma suna harbi ana harbinsu a Iraƙi da Afganistan, kuma sama da 150 daga cikinsu sun riga sun rasa rayukansu a can.

Shin ko kun san labarin Saje Leigh Ann Hester? A watan Maris na 2005, kusa da garin Salman Pak da ke kudu da Bagadaza, 'yan bindiga suka yi wa wani ayarin motocin kaya kwanton ɓauna. Hester na cikin 'yan sandan soja da ke wa ayarin rakiya. Ita da shugaban tawagarsu suka sauka daga mota, suka bi ramukan da maharan suka laɓe, da gurneti da bindiga, har suka tarwatsa su. Aka ba ta lambar Tauraron Azurfa, ta zama mace ta farko da ta samu wannan lamba tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A ranar da ta yi wannan aiki kuwa, dokar 1994 na nan daram, wadda ta hana a saka mace cikin ƙananan rundunonin da aikinsu shi ne faɗa a ƙasa. An tsara dokar ne don yaƙin da ke da gaba da baya. A Iraƙi babu wani baya: direban tankar mai da mai gadin ƙofa da mai ɗaure rauni duk a bakin daga suke.

Wani zai ce, to ina abin damuwa tunda dai suna yaƙin? Damuwar tana cikin fayil. A kusan kowace runduna a duniya, manyan kujeru na waɗanda suka taso ta ɓangaren faɗa ne. Macen da ta sha ruwan harsashi amma takardarta ba ta nuna ta taɓa jagorantar rundunar faɗa ba, ranar ƙarin girma tana ji tana gani na bayanta za su wuce ta. Hatsarin an raba shi da ita, ladan aikin kuma an hana ta. Wannan shi ne ainihin abin da aka yi shekaru ana ja-in-ja a kansa.

Kun kuwa san cewa al'adar mutanen Iraƙi da Afganistan na cikin abin da ya ja mata zuwa gaba? Baƙon namiji ba ya taɓa matar wani, ba ya kutsa kai ɗakinta. Masu tayar da ƙayar baya suka fahimci haka, suka riƙa ɓoye makamai da saƙonni a jikin mata. Dole ta sa kwamandoji suka fara aro mata daga wajen gyaran motoci da ofisoshi suna haɗa su da 'yan sintiri, aka sa wa shirin suna Zakanya. Da yawansu sun shiga musayar wuta ba tare da sun samu cikakken horon sojan ƙasa ba, domin a takarda ba aikinsu ba ne.

Mu ma mun ga irin wannan a gida. A watan Yuni na 2014 wata mace ta tayar da bam a ƙofar barikin soja a Gombe, ita ce ta farko da aka sani Boko Haram ta tura ƙunar baƙin wake. Daga nan abin ya yawaita, har da ƙananan yara mata da aka tilasta wa. Sai ya zamana ƙofar kasuwa da tashar mota da sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri ba sa tsaruwa sai da mace mai laluba: sojoji mata, 'yan sanda mata, da matan da suka shiga cikin 'yan ƙato-da-gora. A Adamawa kuma ga Aisha Bakari Gombi, wadda ta gaji farauta, ta jagoranci maza mafarauta suna bin sawun 'yan ta'adda a daji, har aka naɗa ta sarauniyar mafarauta. Babu wanda ya tsaya jiran a zauna a rubuta manufa kafin a nemi waɗannan mata.

Shin ko kun san cewa mata kusan 800,000 ne suka sa kaki a rundunar Tarayyar Sobiyet a Yaƙin Duniya na Biyu? Akwai masu jinya da masu sadarwa, akwai direbobin tanka, akwai gwanayen harbi daga ɓoye irin su Lyudmila Pavlichenko, wadda aka lissafa mata abokan gaba 309. A 1941 wata fitacciyar matuƙiya, Marina Raskova, ta samu izinin Stalin ta kafa rundunonin sama uku na mata. Mafi shahara ita ce ta 588, masu kai hari cikin dare. Jiragensu na katako ne da zane, masu ɗaukar mutum biyu, marasa sauri, waɗanda tun asali don koyon tuƙi aka ƙera su. Nauyin bam bai bar wurin laimar sauka ba sai can ƙarshen yaƙi. Idan sun kusa inda za su kai hari sai su rage injin har ya yi shiru, jirgin ya sulalo, su saki bam su juya. Su koma su sake ɗauko wani, haka har gari ya waye. Sun yi sawu sama da 23,000. Jamusawa suka sa musu suna Mayun Dare. Mafi yawansu 'yan shekara ashirin ne da ɗan wani abu, kuma kakin maza aka ba su, da manyan takalma da sai sun cusa tsumma kafin su zauna a ƙafa. Ku riƙe maganar takalman nan, za mu sake cin karo da irinta.

Birtaniya ma a watan Disamba na 1941 ta fara kiran 'yan mata marasa aure zuwa aikin yaƙi na dole. An saka su a wuraren igwa masu kakkaɓo jiragen sama: su ke gano jirgin, su ke auna nisa, su ke saita hanya. Abu guda aka hana su, shi ne danna kunamar harbi. 'Yar Firayim Minista Churchill, Mary, ta yi wannan aiki. Gimbiya Elizabeth, wadda daga baya ta zama Sarauniyar Ingila, ta shiga a 1945 ta koyi tuƙi da gyaran motar soja.

Ana gama yaƙi fa? Aka ci moriyar ganga aka yar da kwaurenta. Sobiyet ta sallami kusan dukkan matan, rundunar Mayun Dare ma aka rushe ta a 1945. Amurka ta yi doka a 1948 wadda ta ba mata gurbi na dindindin a soja, amma ta ƙayyade kada su wuce kashi 2 cikin 100 na runduna, kuma wannan ƙa'ida ba ta faɗi ba sai 1967. Abin da ya buɗe ƙofar da gaske shi ne soke aikin soja na dole a 1973. Da aka daina kamo samari da ƙarfin doka, sai gurabe suka yi yawa masu nema suka yi kaɗan, sai ido ya koma kan mata. Shekara uku bayan haka, a 1976, aka karɓi 'yan mata a makarantar hafsoshi ta West Point.

Shin ko kun san cewa a nan maƙwabta, a Dahome ta Jamhuriyar Benin ta yau, an yi runduna ta mata zalla mai dubban mayaƙa? Agoje ake ce musu. Sun bunƙasa a zamanin Sarki Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, a ƙasar da yaƙe-yaƙe da cinikin bayi suka ƙarar da maza. Su ne kan gaba a hare-haren da aka kai wa Abekuta a 1851 da 1864, kuma sun tari sojan Faransa a 1890 da 1892, har hafsoshin Faransa da kansu suka shaida jarumtarsu. A 2022 aka kafa musu mutum-mutumi mai tsayin mita 30 a Kwatano. Amma kada a ƙawata abin fiye da yadda yake. Ana ɗaukarsu matan sarki ne, ba su da ikon aure ko haihuwa, wasu ba da son ransu aka kai su ba, kuma suna cikin masu kai samamen kamo bayi.

Sarauniya Amina ta Zazzau ba sai an gabatar muku da ita ba, ganuwowin da ake jingina mata sun isa shaida a bakin jama'a. Ta kusa da zamaninmu ita ce Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar, wadda ta ƙi miƙa wuya ga ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da suke ƙone garuruwa a kan hanyarsu ta zuwa Chadi. A tarihin Musulunci kuma akwai Nusaiba 'yar Ka'ab, Allah Ya ƙara mata yarda, wadda ta je Uhudu shayar da mayaƙa ruwa, da al'amari ya juya ta zare takobi tana kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fito da raunuka da dama.

Kun san cewa a ƙasashe da yawa ba janar-janar ne suka buɗe wa mata hanya ba, alƙalai ne? A Kanada, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ce ta ba da umarni a 1989 a buɗe komai in ban da jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, shi ma ya biyo baya a 2001. A Isra'ila, inda ake ɗaukar mata aikin dole tun 1949 amma aka nesanta su da faɗa, wata mai suna Alice Miller ta kai ƙara don an hana ta jarrabawar shiga makarantar tuƙin jirgin yaƙi, ta yi nasara a 1995. A Jamus tsarin mulki ne da kansa ya haramta wa mace aikin da ya shafi riƙe makami. Tanja Kreil, mai gyaran kayan lantarki, ta nemi aiki a sashen gyaran makamai aka ƙi ta, magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, aka ba ta gaskiya a watan Janairu na 2000, Jamus ta gyara tsarin mulkinta, a 2001 mata suka fara shiga kowane sashe. Ita Kreil ɗin ba ta ma shiga sojan ba daga baya, wasu ne suka ci amfanin shari'arta. A Indiya, Kotun Ƙoli ce a 2020 ta tilasta wa rundunar ƙasa ta ba mata hafsoshi aiki na dindindin da ikon jagoranci, bayan gwamnati ta kafa hujja da cewa ƙananan sojoji 'yan karkara ba za su bi umarnin mace ba. Alƙalan suka yi fatali da hujjar.

Birtaniya kuwa sai a 2018 ta kammala buɗe komai. Saudiyya ta fara ɗaukar mata soja a 2021. Turkiyya tun 1937 take da matuƙiyar jirgin yaƙi, Sabiha Gökçen, wadda ɗaya daga filayen jirgin saman Istanbul ke ɗauke da sunanta.

Shin ko kun san cewa akwai ƙasashen da mace ba zaɓi aka ba ta ba, kiranta ake yi? Norwe ta buɗe wa mata dukkan ayyukan faɗa tun 1985, a 1995 Solveig Krey ta zama mace ta farko a duniya da ta jagoranci jirgin ƙarƙashin ruwa, a 2016 kuma aka fara kiran 'yan mata aikin dole daidai da samari, ta zama ta farko a ƙungiyar NATO da ta yi haka. Suwidin ta dawo da aikin dole a 2017 ta haɗa da mata. Denmak ta bi sahu a watan Yuli na 2025. Hujjarsu a fili take: ƙasashe ne masu ƙarancin jama'a, ga Rasha a kusa, ba su ga dalilin zaɓar soja daga rabin matasansu kaɗai ba. A Norwe ba kowa ake ɗauka ba, tacewa ake yi, har ya zama samun gurbin abin alfahari ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ake ɗauka mata ne.

Eritiriya ma maza da mata take kira, amma labarinta daban ne, kuma yana da ɗaci. A yaƙin neman 'yancinta daga Habasha kusan kashi ɗaya cikin uku na mayaƙa mata ne. Dokar 1995 ta ce wata 18 za a yi. A aikace tun 2002 babu ranar fita, mutum na iya shafe shekara goma ko fiye. Ajin ƙarshe na sakandare ma a sansanin soja na Sawa ake yinsa. Kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cin zarafin 'yan matan da aka ɗauka, kuma wannan bauta na cikin manyan dalilan da ke sa matasan ƙasar ratsa Sudan da Libiya suna faɗa wa teku. Ni dai ba zan kira wannan daidaito ba. An haɗa mace da namiji ne a cikin zalunci guda.

A Amurka har gobe samari kaɗai doka ta wajabta wa yin rajista idan sun cika 18, ko da za a buƙaci kiran gaggawa. Kotun Ƙoli ta amince da haka a 1981, bisa hujjar cewa mata ba sa zuwa faɗa. Hujjar ta faɗi tun 2015, dokar na nan.

Ga wasu a gurguje. A Tailan, kowane watan Afrilu samari 'yan shekara 21 ke taruwa su zura hannu a akwati: wanda ya zaro jan kati ya tafi bariki har zuwa shekara biyu, wanda ya zaro baƙi ya koma gida. A Koriya ta Kudu namiji mai lafiya sai ya yi wata 18 a sojan ƙasa, shahara ba ta fitar da kowa, mawaƙan BTS ma sun tafi ɗaya bayan ɗaya tun daga Disambar 2022. Ɗan ƙwallo Son Heung-min ya tsira ne saboda zinaren da ƙasarsa ta ci a wasannin Asiya na 2018, sai horon mako uku kawai ya yi. Birtaniya na ɗaukar yaro ɗan shekara 16 idan iyaye sun sa hannu, kuma sama da shekara 200 ke nan tana ɗaukar Gurka daga tsaunukan Nepal. Rundunar baƙi ta Faransa, wadda aka kafa a 1831, tana karɓar namiji daga kowace ƙasa amma ba ta karɓar mace, Susan Travers ce kaɗai ta taɓa shiga rajistarta. Yukiren ta rage shekarun kira zuwa fagen daga daga 27 zuwa 25 a 2024, Rasha ta ɗaga nata iyakar daga 27 zuwa 30, bayan kamfanin sojan haya na Wagner ya gama kwasar fursunoni daga gidajen yari. Indiya ta fito da tsarin Agnipath a 2022: shekara huɗu, a riƙe kashi ɗaya cikin huɗu, sauran su kama gabansu ba fansho. Matasa suka fusata har suka ƙone jiragen ƙasa.

Shin ko kun san cewa binciken ma'aikatar tsaron Amurka na 2020 ya gano kashi 23 cikin 100 kacal na matasa 'yan 17 zuwa 24 ne suka cancanci shiga soja ba tare da an ɗaga musu ƙafa ba? Ƙiba, ƙwaya da rashin lafiya su suka fi kayar da sauran. A 2022 rundunar ƙasa ta nemi kurata 60,000 ta samu kusan 45,000. Sai ta buɗe wani aji a barikin Fort Jackson inda ake ajiye matashi har kwana 90 yana rage teɓa ko yana bitar karatu kafin ya fara horo. Sun taɓa yin abin da ya fi wannan muni. A 1966, yaƙin Biyetnam na cin mutane, sakataren tsaro Robert McNamara ya sassauta ma'aunin jarrabawa, aka kwashi samari sama da 300,000 da a da ba za su ci ba, mafi yawansu 'ya'yan talakawa, kuma sun mutu fiye da sauran abokan aikinsu. Duk lokacin da kuka ji ana cewa ma'auni ba ya taɓuwa, ku tuna cewa an sha taɓa shi saboda maza.

Wannan ba ya nufin masu adawa ba su da abin faɗa. Suna da shi, kuma ya kamata a saurara. A 2015 rundunar Marin ta Amurka ta yi gwaji na watanni, ta gwada tawagogin maza zalla da na gauraye. Na maza zalla suka yi fice a kashi 69 cikin 100 na ayyukan da aka auna, musamman tafiya da kaya masu nauyi da janye wanda ya ji rauni, kuma matan sun fi samun ciwon ƙashi da gaɓɓai. Wannan gaskiya ce, ɓoye ta ba zai taimaki kowa ba. Sakataren sojan ruwa na lokacin, Ray Mabus, ya amsa da cewa gwajin ya auna matsakaici ne, alhali ba matsakaiciyar mace ce ke neman aikin ba, wadda ta iya ce. A 2015 ɗin dai mata 19 suka shiga makarantar Ranja, inda ake wata biyu cikin yunwa da rashin barci a duwatsu da fadama, inda maza ma da yawa ke zubewa. Biyu suka fito a watan Agusta, Kristen Griest da Shaye Haver. Ta uku, Lisa Jaster, mai shekara 37 da 'ya'ya biyu, ta fito a Oktoba. A ganina hanya ɗaya ce mai adalci: a auna abin da aikin ke buƙata, nauyin harsashin igwa da nisan tafiya da jan abokin aiki da ya faɗi, a kafa ma'auni guda a kansa. Wanda ya tsallake ya shiga, ko mace ko namiji. Matan za su yi kaɗan a wasu sassan, amma babu mai ce musu alfarma aka yi musu.

Shin ko kun san cewa sai wajen 2012 sojan Amurka ya fara gwada rigar sulke da aka ɗinka daidai jikin mace? Kafin nan ta maza suke sawa, mai faɗin kafaɗa da tsawon jiki, tana gurzar cinya idan an zauna, tana hana ɗora gindin bindiga a inda ya dace. Shekara saba'in ke nan bayan takalman matuƙan Sobiyet.

Ciki fa? Umarnin shugaban ƙasa na 1951 ya ba sojan Amurka ikon sallamar duk macen da ta yi ciki, ko ma ta auri mai 'ya'ya ƙanana. A 1970 Kyaftin Susan Struck, ma'aikaciyar jinya a rundunar sama, ta samu ciki tana Biyetnam. Aka ce ko ta zubar ko ta ajiye aiki. Ita kuwa 'yar Katolika ce, ta ce ba za ta zubar ba, kuma ba za ta tafi ba. Lauya Ruth Bader Ginsburg ta ɗauki shari'ar zuwa Kotun Ƙoli, rundunar ta janye korar kafin a zauna. Birtaniya ta ci gaba da korar masu ciki har 1990, daga baya ta biya diyyar miliyoyin fam.

Gashi da ɗankwali ma sun zama abin shari'a. A 2014 sojan Amurka ya fito da dokar da ta haramta wasu nau'o'in kitso da baƙaƙen mata suka dogara da su, aka yi ca, aka janye. A 2017 ya sauƙaƙa izinin sa hijabi da rawani da barin gemu saboda addini. A Afirka ta Kudu an gurfanar da Manjo Fatima Isaacs a kotun soja don ta ƙi cire ɗankwalin da take sawa a ƙarƙashin hularta. An janye tuhumar a 2020, a farkon 2021 aka gyara dokar tufafi ga dukkan Musulmi mata na rundunar. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin iyaye da yawa a Arewa tambayarsu ta farko ke nan idan 'yarsu ta ce tana son kaki.

Mafi nauyi duka shi ne cin zarafi daga abokan aiki. A watan Afrilu na 2020 wani soja ya kashe Vanessa Guillén, 'yar shekara 20, a cikin barikin Fort Hood da ke Texas. Tun kafin nan ta gaya wa danginta ana takura mata da neman lalata, amma tana tsoron kai ƙara. Bincike ya sa aka tsige ko aka dakatar da shugabanni 14 na barikin, kuma a ƙarshen 2021 aka yi dokar da ta ƙwace ikon yanke shawarar gurfanarwa a irin waɗannan laifuka daga hannun kwamanda, ta miƙa wa lauyoyi masu zaman kansu a cikin runduna. Dalili kuwa a bayyane yake, sau da yawa wanda za a kai wa ƙarar abokin mai laifin ne, ko ma shi ne mai laifin.

Mu dawo gida. Shin ko kun san cewa sojan Najeriya yana ƙirga asalinsa ne daga mutum 18 da Laftanar John Glover ya tara a Ikko a 1863, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover? Irinsu aka kai Gwalkwas, wato Ghana ta yau, yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma wasu daga cikin zuriyar Hausawan zango a Ghana ta wannan hanya kakanninsu suka je. Shekaru da dama Hausa ce harshen bariki, Bature ma sai ya koya. Makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda kowa ke kira Depo, tun 1924 take. A 1961, zamanin Muhammadu Ribaɗu yana ministan tsaro, aka kafa rabon guraben hafsoshi: rabi na Arewa, kwata na Gabas, kwata na Yamma. Yau sashe na 217 na tsarin mulki ne ya wajabta runduna ta ƙunshi kowane ɓangare na ƙasa, shi ya sa ake ɗauka jiha-jiha. Ba mu da aikin soja na dole. Lokacin yaƙin basasa runduna ta kumbura daga kusan 10,000 zuwa kusan 250,000 cikin shekara uku. Kuma ku gaya wa matasanku: neman shiga soja kyauta ne ta intanet, duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya sayar da gurbi ɗan damfara ne.

Matanmu fa? Ta ƙofar asibiti suka fara shiga. Josephine Tolefe, ma'aikaciyar jinya, ita ce hafsa mace ta farko a 1961. Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta zama manjo janar a 1994. Itunu Hotonu, mai zanen gine-gine, ta kai muƙamin riya admiral a sojan ruwa a 2012. Dukkansu ta ɓangaren sana'a suka taso, inda ba a zaɓar shugaban runduna. Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf, ta zama matuƙiyar jirgin soja ta farko a 2011. A watan Oktoba na 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni fukafukin tuƙin jirgin yaƙi, aka liƙa wa Tolulope Arotile na helikwafta mai kai hari. Arotile ta yi aiki a samamen da ake kai wa 'yan bindiga kafin ta rasu a haɗarin mota a barikin sojan sama na Kaduna a Yulin 2020, tana da shekara 24. A 2018 aka kafa sashen mata na sojan ƙasa, a Janairun 2021 aka turo mata sojoji tsaron hanyar Kaduna zuwa Abuja. A ƙarshen shekarar kuma aka tsare wata soja a Kwara don ta karɓi zoben neman aure sanye da kaki, runduna ta ce cikin laifukanta har da rashin cika shekara uku da ake buƙata kafin aure. Sai da jama'a suka yi ta roƙo aka sake ta.

Ƙofar da ta fi kowace muhimmanci an buɗe ta a 2011, zamanin Shugaba Jonathan, lokacin da makarantar NDA ta Kaduna ta karɓi 'yan mata 20 a kwas ɗin hafsoshin faɗa, wanda daga shi ne ake fitar da shugabannin runduna. Hanyar doguwa ce. Kanada ta buɗe tata a 1989, sai a Yulin 2024 Janar Jennie Carignan ta zama babbar hafsan tsaron ƙasar. A 2024 ɗin kuma Kenya ta naɗa Manjo Janar Fatumah Ahmed shugabar rundunar sama. A nan gida, marigayi Taoreed Lagbaja ya shiga NDA a 1987, ya zama babban hafsan sojan ƙasa a 2023, shekara 36 ke nan. Da wannan lissafi, 'yan ajin 2011 ba za su iso layin da ake zaɓa ba sai wajajen 2047, kuma kafin nan sai kowaccensu ta ratsa aure da goyo da canjin bariki da jarrabawar ƙarin girma ba tare da dokokin ma'aikata sun tura ta waje ba. Su 20 ne kacal suka fara.